Masu Cin Abinci da Sanyi: Daga Tsaunukan Alps Zuwa Garaken Bonkuku

Kowace Asabar ta watan Fabrairu, hanyar da ta tashi daga garin Albertville ta kutsa kwarin Tarentaise a gabashin Faransa takan cushe da motoci tun kafin hantsi. Waɗansu na saukowa, hutunsu ya ƙare, waɗansu na hawa, nasu zai soma. Abin da ya fito da wannan ɗimbin jama'a daga gidajensu shi ne su hau dutse, su ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, su zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara, su koma sama, su sake zamowa, haka har kwana shida. Wanda ya tashi a ƙasar da ake gudun sanyi zai ce ai wannan neman wahala ne da kuɗi. Amma a Faransa kaɗai, ƙungiyar masu filayen wasan ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 120,000 ne ke cin abinci da wannan harka. Jarinsu duka abu ɗaya ne, wanda ba su suka yi shi ba: sanyi. Shi ne kuma yake ta raguwa.

Yadda dutse ya zama kasuwa

A da, mutanen tsaunukan Alps talakawa ne makiyaya. Lokacin ɗumi su hau da shanu inda ciyawa take, su zauna a bukkokin katako da suke kira shale, su tatsi nono su yi cuku. Idan dusa ta rufe hanya, mazaje da yawa su gangara birane cin rani. Ana ba da labarin wani mai masauki a St. Moritz ta ƙasar Suwizalan, Johannes Badrutt, wanda a 1864 ya roƙi baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, ya ce in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka zo, suka zauna har ƙarshen sanyi. A 1924 garin Chamonix, a gindin dutsen Mont Blanc mai tsayin mita 4,800 da 'yan kai, ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu na farko. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Faransa ta shiga gina sababbin garuruwa a kan duwatsu domin wasan zamiya kawai. Val Thorens, wanda ke mita 2,300 sama da teku, yana cikinsu, kuma shi da maƙwabtansa Courchevel da Méribel sun haɗa hanyoyin zamiya masu tsawon kilomita 600. Tikitin hawa kujerun da ke rataye a waya na yini guda a can ya haura Yuro 70, wato fiye da sefa 45,000, ban da kwana, ban da abinci, ban da hayar kayan wasa.

Afirka ma ba a bar ta a baya ƙwarai ba. A Maroko akwai Oukaïmeden, mita 2,600 a tsaunukan Atlas, tafiyar ƙasa da kilomita 80 daga Marakesh. A Lesoto akwai Afriski, inda ake wasan daga Yuni zuwa Agusta, domin sanyinsu yana zuwa lokacin damunarmu. Ɗan Senegal Lamine Guèye ya yi zamiya a Olamfik na Sarajevo a 1984. Dutse mafi tsayi a Nijar, Idukal-n-Tages na Bagzan a ƙasar Abzin, mita 2,022 ne. Ruwa kan daskare a can da dare a tsakiyar ɗari, amma babu hadari a wannan lokaci, don haka babu dusar da za ta kwanta.

Dusa suna ta tara

Me ya sa sai a kan dutse? Domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Hadarin da zai zubar da ruwa a gindin dutse, a samansa dusa yake zubarwa. Dusa kuma daban take da ƙanƙarar da kan faɗo mana da damuna ta fasa ganyen gero. Ita tururin ruwa ne da ya daskare a cikin gajimare ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa shida, mafi yawan jikinta iska ce. Sabuwar dusa mai kaurin santimita 10 in ta narke, ruwan da za ta bari kimanin santimita 1 ne kawai.

Ma'aikatan filin wasa kan fitar da rahoton dusa kowace safiya: kaurinta a gindin dutse da samansa, yaushe ta sauka, hanyoyi nawa ne a buɗe. Wadda ta sauka cikin tsananin sanyi gari-gari take, ita ce ƙwararru ke rububi. Wadda rana ta narkar da ita da yamma, dare ya sake daskarar da ita, da safe tauri gare ta da santsi, ita ce mai karya ƙafa. Ta ƙarshen lokaci, a Maris da Afrilu, jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Da dare manyan motoci masu tafiya a kan sarƙa suna bi suna daddale hanyoyin. A Faransa kowace hanya da launinta: kore ta 'yan koyo, shuɗi, ja, sai baƙa ta waɗanda suka gagara.

Babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusa. Idan sabuwa ta kwanta a kan tsohuwa ba su kama juna ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa gefen dutse duka ya sulmiyo. A 1970 irin wannan ta kashe mutum 39 a Val d'Isère, yawancinsu matasa ne da ke karin kumallo a masaukinsu. A 1999 ta kashe 31 a ƙauyen Galtür na Ostiriya. Saboda tsoron zaftarewar ne ƙasashen Turai suka haɗu a kan ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma tun da asuba ma'aikata ke tayar da nakiyoyi a wuraren da ake shakka, a zaftar da dusar da gangan kafin baƙi su fito.

Tukunyar shale

Bukkar makiyayin nan ta da, ita ce yau ta zama gidan haya na masu hali. Ingilishi ne suka fi yaɗa tsarin da iyali ko abokai, mutum takwas zuwa ashirin, za su kama shale guda na mako ɗaya tare da mai girki. Yawancin masu girkin matasa ne 'yan cin rani da ke zuwa daga Disamba zuwa Afrilu. Su tashi kafin baƙi su haɗa karin kumallo, su gyara ɗakuna, su gasa kek su ajiye don shayin la'asar, da dare su kawo abinci kashi uku: na buɗe ciki, babban abinci, da kayan zaƙi. Akan ba su hutu a cikin mako, ranar baƙi su nemi gidan abinci. Ranar canjin baƙi kuwa ba zama: wanki, shara, cefane, kafin sababbi su iso. Tun da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai, kawo irin waɗannan matasa ya zama sai da takardun izinin aiki, kamfanoni da dama sun rage gidaje ko sun daina ba da mai girki.

Girki a kan dutse yana da nasa sharaɗi. A mita 2,000 iska ba ta danne tukunya kamar a ƙasa, ruwa kan tafasa tun yana digiri 93 maimakon 100. Shinkafa da wake sai sun daɗe kafin su nuna, kek kuma ya kumbura da wuri ya faɗa. Abincin yankin na mai aikin ƙarfi ne a cikin sanyi: cuku narkakke da dankalin turawa. Akwai raclette, inda ake narkar da cuku a kwarara shi kan dafaffen dankali. Akwai tartiflette, dankali da albasa da cukun Reblochon a gasa tare. Musulmin da ya je sai ya yi tambaya, domin tartiflette ana sa mata naman alade, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki kuma da giya ake haɗa shi.

Sayen sanyi da kuɗi

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin ɗari na jikinsu. Masu filaye suka koma yin dusa da inji: a fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin sanyin dare, ya daskare kafin ya faɗo. Lita 1,000 ta ruwa tana ba da dusa ninki biyu na girmanta, amma sai sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili, in ba haka ba inji ruwa kawai zai watsa. A Italiya kusan kashi 90 cikin ɗari na hanyoyin zamiya da inji suka dogara, a Faransa wajen kashi 40. Ana haƙa tafkuna a kan dutse don tara ruwan, abin da ke jawo gardama da makiyaya da masu kare muhalli.

Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba filaye 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya nuna cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin ɗari za su shiga babban haɗarin rashin dusa, in ya kai digiri 4 kuwa, kashi 98. Injin dusa yana rage matsalar, ba ya kawar da ita. Har Sahara tana da hannu a ciki: a Fabrairun 2021 da Maris na 2022 iska ta kwashi jar ƙura daga hamadar arewacin Afirka ta zuba a kan duwatsun Turai. Farar dusa tana mayar da fiye da kashi 80 na hasken rana, amma da ƙura ta rina ta sai ta riƙa shan zafi, ta narke da wuri.

Manyan filaye da ke can sama, masu kuɗin inji, suna ci gaba da cika. Ƙananan da ke ƙasa su ne ke mutuwa. A 2023 hukumar garin da ke da filin La Sambuy, kusa da Annecy, ta yanke shawarar kwance kujerun hawanta, domin lokacin dusa ya taƙaita, asara ta yi yawa. Métabief a tsaunukan Jura ba ta jira haka ba: ta sa masana suka yi mata lissafi, ta sanar cewa wasan zamiya zai ƙare mata tsakanin 2030 da 2035, ta fara karkata jarinta zuwa hawan keke da yawon ƙafa.

Namu sanyin

Dankalin da ke kan teburin shale shi ne ya kawo mu gida. Bonkuku, hedikwatar gundumar Imanan a kan hanyar Yamai zuwa Filinge, tana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa da ƙasa, kuma ta yi suna da noman dankalin turawa. A watannin da Turawa ke hawa dutse, a nan ma aiki ke kankama: shuka a Nuwamba da Disamba, ban ruwa da inji safe da yamma, haƙa a Fabrairu da Maris, a loda buhuna zuwa kasuwannin Yamai. Irin ma akasari daga Turai ake kawo shi. Matasa da dama da a da za su tafi cin rani gaɓar teku, garka ce ke riƙe su a gida.

Dankalin turawa ɗan tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, jininsa na sanyi ne. Yana yin 'ya'ya sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, in ya doshi 30 sai ya yi ta ganye, ƙarƙashi babu komai. Abin da ya sa yake yi a Imanan shi ne sanyin daren hunturu, na wata uku zuwa huɗu. Manomin da iri ya iso masa a makare ya san sakamakon: zafin Maris zai riski shukar kafin ta ƙosa. Bayan haƙa kuma kowa ya fito da nasa lokaci guda, farashi ya faɗi, ga bazara mai digiri 40 da ɗoriya tana jiran duk buhun da aka ajiye. Mai ɗakin sanyi ne kaɗai ke iya jira har kasuwa ta tashi. A nan ma, wanda ke da kuɗin sayen sanyi shi ke cin riba.

Akwai rashin adalci a lamarin. Hayaƙin da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne, na Bafaranshe kuwa wajen tan 4, kuma mafi yawan hayaƙin hutun zamiya daga jirage da motocin zuwa ne. Amma ƙorafi ba ya tsawaita hunturu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin koyi a wurin Métabief shi ne ta auna, ta yarda da abin da ma'auni ya faɗa, ta shirya tun tana da sauran ƙarfi. Ƙungiyoyin manoman Imanan za su iya ajiye ma'aunin zafi a garake, su rubuta sanyin kowane dare shekara bayan shekara, su riƙa auna zurfin rijiyoyi kafin ban ruwa da bayansa. Da wannan rubutu a hannu za su san ko lokacin shuka ya kamata ya matsa, wane iri ne ya fi jure zafi, kashi nawa na garka ya dace a bar wa albasa, kabeji ko zogale. Da shi ne kuma za su tunkari gwamnati da masu ba da bashi a kan buƙatu biyu da suka fi kowanne gaggawa: iri ya iso kafin Nuwamba, a kuma gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, wanda shi dai ba mu da ƙarancinsa.