Wa Zai Riƙe Kulob In Koci Ya Gaji?

A tawagar da ta ciyo wa Najeriya zinaren ƙwallon ƙafa a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, dukansu haifaffun Kaduna. Kafin nan, a 1989, ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ta ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Wannan tarihi ake yawan ambato, amma ba yaron da ke fara taka leda a filin wasa na Ahmadu Bello. A filin firamare mai ƙura yake farawa, a Unguwar Shanu ko Kawo ko Badarawa ko sauran unguwannin da ke kewaye da Doka, a hannun wani mutum mai usur a wuya da ake kira Koci, wanda ba shi da albashi. Ƙananan kulob ɗinmu a kan irin wannan mutum suke tsaye, kuma yadda muke tafiyar da su shi ke karya shi.

Dubi abin da ake ɗora masa. Shi ke ba da atisaye, shi ke sayen ƙwallo da ruwan leda, shi ke neman motar zuwa wasa, shi ke kai yaron da ya gurɗe wurin mai ɗori, shi ke lallashin uban da ya ce ƙwallo na hana ɗansa Islamiyya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa. Wanda ya zo da niyyar ba da lokacinsa sai ya tarar har aljihunsa ake nema. Ranar da ya yi aure ko aka yi masa canjin wurin aiki, sai kulob ya watse. Matasan da ke kallo daga gefen fili kuwa sun ga wahalar da idonsu, shi ya sa kiran "a zo a taimaka" ba ya samun amsa: ba wanda ya san iyakar abin da zai ɗauka.

Ba sai an je nesa neman gyara ba. A Kaduna hedikwatar Jama'atu Nasril Islam take, kuma duk mai zuwa Idi ko wa'azi ya san 'yan agaji, nata da na Fityanul Islam da na Izala. Shekara da shekaru suna samun matasa masu aikin sa kai, suna kuma riƙe su. Ladan da ake fata yana da nasa ƙarfi, babu shakka, amma akwai tsari a bayansa: kowa ya san aikinsa, akwai kaki, akwai horo, akwai muƙamin da ake hawa, jama'a kuma na ganin mutuncin mai aikin. Kulob na iya koyi da wannan. A ce wa malamin makaranta ya riƙe littafin rajista, ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta koya wa mutum biyu taimakon gaggawa, dattijo ya zama ma'aji, tsohon ɗan wasa ya karɓi 'yan ƙasa da shekara 13 sau biyu a mako. Aikin da aka faɗi ranarsa da tsawonsa ya fi samun mai karɓa. Wanda ya daɗe yana hidima kuma a tura shi kwas ɗin koci ko na alƙalanci, ya fita da takardar da za ta amfane shi.

Wasu za su ce da zarar kuɗi ya shigo, aikin Allah ya lalace, rigima ta fara. Tsoron yana da tushe, domin kuɗin da ba a rubuta ba ya sha raba abokai. Sai dai mayar wa mutum kuɗin motarsa daban yake da biyansa lada. Ko a aikin gayya, mai gona ne ke kawo fura da abinci, ba a taɓa cewa hakan ya ɓata zumunci ba. Abin da ke kashe zargi shi ne ɗan karo-karo daga iyaye da 'yan kasuwar unguwa, a rubuta shi, a karanta lissafin a bainar jama'a duk wata. Masu cewa aikin gwamnati ne kuwa, gwamnati na iya gyara Dandalin Murtala, amma ba za ta aiko wanda zai ƙirga yara bayan La'asar ya tabbatar kowa ya koma gida kafin Magariba ba.

Akwai ma hanyar kuɗi da sakaci da aikin sakatare ke toshewa. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A cinikin Yuro miliyan 1, Yuro 50,000 ke nan za a raba. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa yana biyan masu haƙƙi. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ba, bai kuma shigar da sunayen yaransa ba, sunansa ba zai fito a wannan tarihi ba, ko da Kocinsa ne ya saya wa yaron takalminsa na farko.