Ƙiyasta Zafi da Ɓarna Wajen Yankan Zaren Kabon



Duk wanda ya taɓa ganin kwaɓin ginin ƙasa ya san dalilin da ya sa magina ke zuba ramno a cikin laka. Laka ita kaɗai takan tsage, amma idan ciyawa ta ratsa ta sai su riƙe juna. A kan wannan hikima aka gina abin da za mu tattauna yau. Ana ɗaukar zaren kabon, wanda kaurinsa bai wuce kimanin kashi 7 cikin 1,000 na milimita ba, a jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, a jiƙa shi da wani danƙo mai suna ifoksi, sannan a gasa. Abin da ke fitowa yana gogayya da ƙarfe wajen ƙarfi, ga shi kuma ba nauyi. A 1963 masana a Fanboro ta Ingila suka inganta hanyar yin zaren. Jirgin sama na Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne.

To, ina matsalar take? Ai bayan an gasa fiffike, tilas a datse gefensa, a kuma huda dubban ramuka na ƙusoshi. A nan ne gizo ke saƙa, domin aikin yana zuwa ne a ƙarshe, bayan an kashe dukiya mai yawa. Rami guda da ya lalace yana iya sa a yar da ɓangare sukutum.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko ta zafi ce. Idan ana yankan ƙarfe, ɓarɓashin da ke fita shi ke tafiya da mafi yawan zafin. Zaren kabon kuwa karyewa yake yi ya zama ƙura, kamar yadda Koplev da abokan aikinsa suka nuna a 1983, ita kuwa ƙura ba ta ɗaukar zafi mai yawa. Bugu da ƙari, zafi yana bin tsawon zaren da sauƙi, amma da ƙyar yake ratsa danƙon. Saboda haka sai ya taru a bakin yanka. Danƙon da ake amfani da shi a jiragen sama yakan fara laushi a wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar ya yi laushi sai ya saki zaren. Ta biyu ita ce rabuwar shimfiɗu. Yayin da ƙarfen huji ya kusa ɓullewa, shimfiɗun da suka rage sun yi kaɗan, sai ya ture su su ɓare daga 'yan'uwansu. Abin tsoro shi ne sau da yawa ido ba ya ganin wannan ɓarna.

Tun da gwaji a kan kayan gaske yana da tsada, kuma auna zafi daidai bakin wuƙa abu ne mai wuya, sai masana suka koma ga kwaikwayon aikin a kwamfuta. Hanyar kuwa ita ce a rarraba siffar abin zuwa dubban ƙananan gutsattsari, dabarar da Ray Clough ya raɗa wa suna a 1960. Kowane gutsure ana ba shi halayensa: ƙarfinsa ta tsawo, ƙarfinsa ta faɗi, da yadda yake tafiyar da zafi. Sannan a sa wuƙa ta matsa taki kaɗan, kwamfuta ta lissafa nauyin da ya hau kowane gutsure da zafin da guga ta haifar. Akwai ƙa'idoji na sanin lokacin karyewa. Wadda Hashin ya fitar a 1980 ta bambanta tsinkewar zare da tsagewar danƙo. Gutsuren da ya kai iyakarsa sai a rage masa ƙarfi ko a cire shi, a ci gaba.

Wajibi ne lissafin zafi da na ɓarna su tafi tare, gama zafi yana raunana danƙo, raunin danƙo kuma yana sauya yadda wuƙa ke ci. Haka nan fuskar da zare ya kalla tana da tasiri. Mai feren rake ya san bin tsawonsa daban, datse shi daban. Idan zaren ya karkato yana fuskantar wuƙa, takan tanƙwara shi ya karye can ƙasa da layin yanka, ɓarna ta yi zurfi.

Amfanin wannan lissafi shi ne injiniya ya zaɓi saurin juyawa, da saurin turawa, da siffar bakin wuƙa, tun kafin ya taɓa fiffike. A 1990 Hocheng da Dharan sun nuna cewa akwai iyakar ƙarfin turawa wadda in ba a ƙetare ta ba shimfiɗu ba za su rabu ba. Shi ya sa ake sassauta turawa dab da ɓullewa.

Sai dai ina jan hankalin ɗalibai da ma'aikata: kwamfuta abin da aka ba ta shi take sarrafawa. In alƙaluman da aka zuba mata gurɓatattu ne, amsarta gurɓatacciya ce, komai kyan hoton. Don haka ba a amincewa da ƙiyasi sai an gwada shi da yankan gaske, an auna, an ga sun dace, domin rayukan fasinjoji ne ke bisa wannan fiffike.