Okonomiyaki: Wainar kabejin Japan da ke tara iyali a gaban kasko ɗaya

A ƙasar Japan akwai abincin da ba a cika gama shi a kicin a kawo a faranti ba. Kaskon ake ɗorawa a tsakiyar tebur, a zauna a kewaye shi, uba da uwa da yara, kowa ya zuba nasa ya jira ya nuna. Sunansa okonomiyaki. A yarensu "okonomi" na nufin abin da ranka ke so, "yaki" kuma gashi ko suya. Wato dai soya abin da kake so. Idan aka kwatanta da namu, ya fi kama da wainar fulawa, sai dai shi kabeji ne ya fi yawa a ciki, fulawa da ƙwai aikinsu kawai su riƙe shi.

Birane biyu ne ke taƙama da shi. Mutanen Osaka suna cakuɗa komai a kwano ɗaya kafin su zuba a kasko. Na Hiroshima hawa-hawa suke jerawa: ƙullu siriri a ƙasa, tulin kabeji a kai, sai nama, sai soyayyar taliya, a rufe da ƙwai. Har gobe kowanne na ganin nasa ne na ƙwarai.

Na Hiroshima yana da tarihi mai sosa rai. Bayan bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa birnin ranar 6 ga Agusta, 1945, shinkafa ta yi ƙaranci, abin da ake samu shi ne fulawar agaji da ɗan ganye. Da su aka riƙa toya wannan waina a kan faifan ƙarfe. Mata da yawa da yaƙi ya raba da mazajensu sun buɗe ƙananan shaguna a gidajensu suna sayarwa don ciyar da 'ya'yansu. Yau a birnin akwai gini mai hawa da ake kira Okonomimura, cike da rumfuna sama da 20 da ba su da sana'a sai ita. Da aka yi taron ƙasashen G7 a can a watan Mayun 2023, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, sai da ya gwada toyawa da hannunsa.

To ina ruwan ɗan kasuwa a Kwatano, Kumasi ko Yawunde da wainar Japan? Ai duk mun san yadda gidajenmu suke a ƙasar baƙunta. Maigida ya fita tun asuba, ba ya dawowa sai an rufe kasuwa. Yara sun ci sun kwanta, ko kowa ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe da waya. Babu kaka ko gwaggo a kusa da za ta tara su hira. Abincin da ke sa a zauna wuri ɗaya na rabin awa, a yi magana ana jiran a juya, ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kayan haɗinsa duk suna kasuwar unguwa, kuma ba tsada.

Sai dai a kula. A Japan yawanci da naman alade ake yin sa, kuma wasu miyoyin kwalba da ake shafa masa akwai mirin a ciki, wani ruwan girki mai zaƙi da ke ɗauke da giyar shinkafa. Wanda harka ta kai shi can, ya tambaya kafin ya ci. A gida kuwa babu wannan matsala, domin ke ce mai zaɓar abin da zai shiga.

Uwargida, ga ma'aunin waina biyu manya: fulawa kofi 1, romon kifi mai sanyi kamar kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, kabeji rabin ƙwallo matsakaici, ganyen albasa, gishiri kaɗan, bekin hoda rabin ƙaramin cokali. Su Japanawa da busasshen kifi da ciyawar teku suke yin romonsu, ke kifin banda ya ishe ki. Sukan goga wata doyarsu mai yauƙi a ƙullun don ya yi laushi. Bekin hodar ce za ta taimaka a madadinta. Nama kuwa, na sa ko na rago a yanka siriri, ko jatan lande, ko ma ragowar tsiren jiya.

Ki dama fulawa da romo da bekin hoda. Ki yanka kabeji ƙanana, ki tabbata ya tsane. Kada ki haɗa kabejin da ƙullu sai za a zuba, in ba haka ba zai saki ruwa. Ki fasa ƙwai, ki juya sama-sama. Ki shafa mai a kasko mai faɗi, wuta matsakaiciya, ki zuba ki daidaita shi ya yi kaurin yatsa biyu a kwance. Ki jera nama a kai. Bayan minti 4 zuwa 5 ki juya, ki rufe, ki ba shi wasu minti 5. Don Allah kar a danna shi da cokali, dannawa ke sa ya yi tauri.

Miyar da ake shafawa baƙa ce mai zaƙi da ɗan tsami. Abin mamaki, shahararren kamfanin Otafuku na Hiroshima dabino yake sawa a tasa. Ke ma ki jiƙa dabino 4 ki markaɗa, ki haɗa da tumatirin kwalba, soya sos da ɗan ruwan tsamiya, ki ɗan dafa har ya yi kauri. Ki shafa, ki zizara mayonis a kai. Mai son yaji ya barbaɗa abinsa.

Amma kar ki yi aikin ke kaɗai, nan ne daɗin yake. Ki kawo ƙaramin risho ko kaskon lantarki tsakar ɗaki a kan abin da ba ya ƙonewa, a buɗe taga, a kula da ƙanana. Yara su fasa ƙwai su zaɓi abin da za a sa musu. Juyawa kuma a bar wa maigida, da faffaɗan cokali biyu. In ta karye a yi dariya a cinye, ta biyu za ta fi. A zaɓi ranar da kasuwa ba ta ci, a ajiye wayoyi, a sa bisimilla.