Rumbu a Cike, Mai Rumbu Ba Barci: Abin da Kiristanci Ya Koyar Game da Dukiya

A ƙasar Gidan Goga da sauran ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara a jihar Zamfara, abin da a da ake yi wa mutum barka da shi yau ya zama abin ɓoyewa. Mai shanu ba ya son a ƙirga masa su. Manomin da gonarsa ta yi albarka ya san labari zai riga shi isa daji tun bai gama ɗaure dawarsa ba. Tun daga harin watan Mayun 2018, wanda ya ci rayukan mutum sama da ashirin a gundumar Gidan Goga, zuwa kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya a Satumban wannan shekarar, kowa ya gane cewa da abin hannu ɓarayin daji ke auna mutum. Dukiyar da aka tara don ta tsare mai ita, ita ce yanzu ke nuna hanyar gidansa.

A irin wannan hali, tambayar ga me mutum zai dogara ta wuce zancen malamai, ta zama zancen kowa. Musulmi, waɗanda su ne kusan dukkan jama'ar yankin, sun san abin da addininsu ya ce game da tawakkali da zakka da wadar zuci. Kiristoci tsiraru ne a nan, galibi 'yan kasuwa da ma'aikata a manyan garuruwa, amma ana ciniki da su, ana maƙwabtaka da su. Sai dai mutane da yawa a talabijin suka samo abin da suka sani na ra'ayin Kirista kan kuɗi: fasto cikin kwat mai tsada, jirgin sama na kansa, da alkawarin arziki ga duk wanda ya zuba kuɗi a gaban bagadi. Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda ke nan cikakke da Hausa tun 1932, zai tarar da wani abu daban.

A sura ta 12 ta Bisharar Luka, wani mutum ya roƙi Yesu Almasihu ya sa baki a rabon gado tsakaninsa da ɗan'uwansa. Yesu ya ƙi zama alƙalin gado, sai ya ba da labarin wani manomi da kaka ta yi wa kyau har rumbunansa suka kasa. Mutumin ya yanke shawarar rushe su ya gina manya, ya zuba hatsinsa, ya miƙe ƙafa ya ci ya sha na shekaru. A daren nan aka karɓi ransa. A lura, ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya ci gonar maraya ba, guminsa ne. Laifinsa biyu ne. Ya ɗauka cikar rumbu ita ce tsawon rai. Sannan a duk lissafin da ya yi babu kowa a ciki sai shi kaɗai, babu Allah, babu maƙwabci, babu 'yan ƙodagon da suka yi masa noma.

Wajen shekara ta 369, lokacin da yunwa ta auka wa Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, wani malamin ikilisiya mai suna Basil ya ɗauki wannan labari ya yi wa attajiran garin wa'azi da shi, domin sun kulle hatsi suna jiran farashi ya tashi. Bai tsaya ga magana ba. Ya sayar da nasa gadon ya ciyar da mayunwata, daga baya ya gina wurin jinyar marasa lafiya da saukar baƙi a bayan gari. Duk wanda ya san yadda ake ɓoye gero da masara a kaka a fito da su a tsakiyar damina, lokacin da talaka ya fi matsuwa, ya san da wa Basil yake.

Kada a fahimci wannan a matsayin yabon talauci. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka. Lidiya, mace ta farko da ta karɓi bishara a Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, kuma a gidanta masu bi suka riƙa taruwa. Manzo Bulus da hannunsa yake ɗinkin tanti don kada ya zama kaya a kan kowa, ya kuma tsawata wa mutanen Tasalonika da suka bar aiki suka koma cin na wasu. Da Yesu ya ce wa almajiransa su dubi yadda Allah ke ciyar da tsuntsaye, ba hana su noma ya yi ba, damuwar da ke cin zuciya ya hana. A wasiƙar da aka rubuta wa Timoti, ba kuɗi aka zarga da haifar da mugunta ba, son kuɗi aka zarga. Kuma umurnin da aka ba masu arziki a can a fili yake: kada su yi girman kai, kada su ɗora begensu a kan abin da ba shi da tabbas, su zama masu sakin hannu. Yesu ya ɗauki dukiya a matsayin ubangida mai neman a bauta masa, ya ce bawa ɗaya ba ya iya riƙe iyayengiji biyu. Wato abin dubawa ba yawan abin da ke hannu ba ne, wane ne ke juya wani, kai ko kuɗin.

Rashin tabbas ɗin nan kuwa mun gan shi da idanunmu. A Disambar 2016 ƙungiyar zuba kuɗi ta MMM ta rufe ƙofa da kuɗin dubban 'yan Nijeriya, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin Naira, mai miliyoyi a banki ya kwana a layi yana neman dubu biyar, har gwamnatin Zamfara ta shiga cikin jihohin da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Zinariyar da aka yi rububinta a Anka da Bukkuyum, gubar dalmar da ke cikinta ta kashe yara sama da 400 a 2010.

To ta yaya ake gane wanda ya dogara ga Allah da gaske? A koyarwar Kirista, a hannunsa ake gani. Dokar Musa ta hana manomi girbe gonarsa ƙarƙaf, ta ce a bar gefe da abin da ya zube don matalauci da baƙo su yi kala, abin da Bahaushe ya sani sarai. Kala haƙƙi ne, ba alfarma ba. Wasiƙar Yakubu ta yi wa masu gonaki kashedi mai zafi a kan danne ladan waɗanda suka yi musu girbi, ta ce kukansu ya kai ga Ubangiji. Annabi Iliya ya tari Sarki Ahab ido da ido saboda gonar inabin Nabot da aka ƙwace bayan an kashe mai ita. Wannan labari ba zai yi wa mutanen Maradun baƙunci ba, su da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakinsu, aka kuma buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980 don sun tsaya kan neman diyya. Kafin a zo maganar kyauta, sai an fara biyan haƙƙi. Mai cin gumin ɗan ƙodago ranar Asabar, ba baikon Lahadi ne zai wanke shi ba.

Ita kyautar ma ba da mudu ake auna ta ba. Yesu ya zauna yana kallon attajirai suna zuba kuɗi masu yawa a Haikali, sai ya yaba wa wata gwauruwa da ta saka anini biyu, domin su daga rarar da suke da ita suka bayar, ita kuwa abin da za ta ci ne. Ya kuma hana a yi sadaka don a gani. Ikilisiyar farko a Urushalima ta kai ga masu filaye suna sayarwa don kada a sami mai kwana da yunwa a cikinsu, amma ba tilas aka yi wa kowa ba. Hananiya da matarsa ba don sun rage wani abu daga kuɗin filin da suka sayar aka hukunta su ba, don sun yi ƙarya ne, suna neman sunan masu kyauta a farashi mai sauƙi. Akwai kuma wani abu da ba a cika yin wa'azi a kai ba. Sa'ad da Bulus ya tara gudummawa daga Makidoniya da Korinti don matalautan Urushalima, ya ƙi ɗaukar kuɗin shi kaɗai. Ya ce ikilisiyoyi su zaɓi nasu wakilan su raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Manzo ne sukutum, amma ya yarda a sa masa ido.

Misalin da ya fi kusa da halin da muke ciki daga Afirka ya fito. Wajen shekara ta 253, mahara suka kwashe Kiristoci maza da mata a Numidiya, cikin Aljeriya ta yau. Labari ya kai wa Siprian, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yanzu, sai ya tara jama'arsa suka haɗa 100,000 na kuɗin Rumawa, ya aika don a fanso mutanen da ba 'yan garinsu ba ne. Bayan yaƙin Adiriyanopul na 378, Ambros bishop na Milan ya farfasa kwanonin zinariya na coci ya sayar don fansar kamammu. An zarge shi da wulaƙanta kayan ibada, ya amsa da cewa ran mutum ya fi kwano daraja a wurin Allah. Na san maganar kuɗin fansa a yau tana da sarƙaƙiya, domin abin da aka biya yau shi ke sayen bindigar da za a dawo da ita gobe, kuma tsaron rayuka aikin hukuma ne. Amma iyalin da suka sayar da gona da shanu suka karɓo ɗansu, suka dawo gida babu ko tiya ɗaya, ai su ne gwauruwar wannan zamani. Taimaka musu ba ya bukatar wata muhawara.

A ƙasar Hausa ma an ga wannan koyarwa a aikace. 'Yan mishan na SIM sun yi shekaru suna jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Asibitin Galmi da suka buɗe a Nijar a 1950 har yau yana karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi, wasu ma daga wannan gefen iyaka. Gaskiya ne neman mabiya na cikin manufarsu, shi ya sa jama'a suka daɗe suna ɗari-ɗari da su, amma gyambon da aka wanke an wanke shi. A ƙananan majami'un ECWA da Anglikan da Katolika na karkara, inda ake sujada da Hausa, ranar godiyar kaka da dami da kaza da kwaryar wake ake zuwa. Zumuntar Mata kuwa, da ɗan abin da suke tarawa, su ne ke fara isa gidan haihuwa da gidan makoki.

Daga ina wa'azin arzikin nan da ake gani a talabijin ya ɓullo ke nan? Daga Amurka ya taso. Benson Idahosa na Binin, wanda ya rasu a 1998, shi ya ba shi ƙarfi a Nijeriya, David Oyedepo kuma, wanda cocinsa ya yi ƙarfi a Kaduna tun cikin shekarun 1980 kafin ya koma Ota, yana cikin fitattun masu yaɗa shi. Jigonsa shi ne Allah na nufin kowane mai bi ya yi arziki da lafiya, kuma wanda ya “shuka iri”, wato ya ba coci kuɗi, zai girbe ninki ba ninki. Ba za a musa cewa waɗannan majami'u sun gina makarantu da jami'o'i, sun kuma zaburar da matasa kan neman na kai ba. Amma Kiristoci da kansu ne suka fi sukar koyarwar. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, da babban taron Kiristoci na ƙungiyar Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010, sun bayyana cewa ta kauce wa Littafi Mai Tsarki.

A ganina suna da gaskiya, kuma Zamfara kaɗai ta isa hujja. In arziki shi ne shaidar bangaskiya, to manomin da aka kore wa shanu aka ƙone masa rumbu mai ƙarancin imani ne ke nan, ɓarawon da ya kwashe su kuma shi ne mai albarka. Irin wannan lissafi abokan Ayuba suka yi masa yana zaune cikin toka, Allah kuwa ya tsawata musu. Wanda ya ba da dubu yana jiran dubu ɗari bai daina dogara ga kuɗi ba, ciniki yake yi. Ko maganar zakkar kashi ɗaya cikin goma, wadda ta samo asali daga Tsohon Alkawari, ikilisiyoyi sun bambanta a kanta. Wasu na ɗaukarta wajibi, Katolika ba ta ƙayyade adadi ba, Bulus kuwa cewa ya yi kowa ya ware gwargwadon samunsa, da yardar ransa.

Kirana ga fastoci da dattawan ikilisiya na Gusau da Talata Mafara da kewaye shi ne su karanta wa jama'a lissafin baiko a fili, kamar yadda Bulus ya yarda a yi masa. Kafin a sayi sababbin kayan kiɗa ko a ƙara tsawon ginin coci, a fara duba 'yan gudun hijirar da suka baro ƙauyukansu suna kwana a kangaye da tashoshin mota, a kai musu hatsi da magani ba tare da an tambaye su addininsu ba. Mai hali kuma, Kirista ne ko Musulmi, in yana da hatsin da ya ajiye yana jiran tsada, ya fito da wani abu daga ciki bana, ya kuma biya 'yan ƙodagonsa ranar da suka gama aiki.