Tsayi ko Aiki: Darasin Aaron Donald ga Masu Zaƙulo 'Yan Wasa

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ake rungumar ƙwallon a hannu ana gudu da shi, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ba sa sayen matasa a kasuwa yadda muka saba gani a ƙwallon Turai. Kowace shekara suna zama ne su zaɓi 'yan wasan jami'o'i bi da bi, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ake ba damar fara zaɓe. Kuskure a zagayen farko yana iya jawo wa ƙungiya shekaru tana nadama, don haka ake kashe kuɗi mai yawa wajen binciken kowane yaro.

Cikin masu wuyar aunawa akwai ƙattin sahun gaba na masu tsaro. Aikinsu shi ne su fasa katangar abokan hamayya, su toshe mai gudu da ƙwallo, ko su kayar da mai jefa ƙwallon tun bai jefa ba. A watan Fabrairu ana tara su a birnin Indianapolis, a taron gwajin da ake kira Combine. A can ake auna tsayi da nauyi da tsawon hannu, a sa su tseren yadi 40, a ƙirga sau nawa mutum zai ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa. Duk wannan yana da amfani. Matsalar ita ce lambobi suna da sauƙin karewa a gaban mai ƙungiya, shi ya sa sau da yawa suke danne abin da ido ya gani a fili.

Shekarar 2014 ta nuna haka ƙarara. Sunan da ke bakin kowa shi ne Jadeveon Clowney na Jami'ar South Carolina: tsayi kusan santimita 196, gudu kamar na mai kama ƙwallo, ga wani karo da ya yi wa ɗan wasan Michigan a farkon 2013 har hular kwanonsa ta tashi sama, hoton ya zaga duniya. Amma a kakarsa ta ƙarshe sau 3 kacal ya kayar da mai jefa ƙwallo. Houston Texans ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya.

A wannan kakar ta jami'o'i kuma Aaron Donald na Jami'ar Pittsburgh ya kayar da mai jefawa sau 11, ya kwashe manyan lambobin yabo huɗu, wato Outland da Lombardi da Bednarik da Nagurski. Ya je atisayen Senior Bowl a Mobile ta jihar Alabama, aka rasa mai tare shi. A Indianapolis, da nauyin kilo 129, ya gama yadi 40 cikin daƙiƙa 4.68, ya ɗaga ƙarfen nan sau 35. Laifinsa ɗaya a idon masu bincike: tsayinsa santimita 185 ne, wai ya yi ƙanƙanta ga mai tsayawa a tsakiyar sahu. Aka zaɓi mutum 12 kafin shi. Ita kanta St. Louis Rams da ta ɗauke shi a na 13, ta tsallake shi a zaɓenta na farko ta ɗauki Greg Robinson a matsayin na biyu.

Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san wanda ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa shi ke da iko da shi. Gajartar Donald ita ta ba shi wannan. Yana tashi daga durƙushe kafin na gabansa ya ɗaga kai, hannayensa su riga isa ƙirjin mutum, ya kaɗe hannun da aka miƙo masa, ya wuce ta kafaɗa. Waɗannan abubuwa, takun farko da aikin hannu da sanin dabara ta biyu idan ta farko ta ƙi, ba a ganin su a ma'auni. Sai an zauna an kalli faifan wasa bayan wasa, musamman ranakun da aka haɗa masa mutum biyu.

Ba zan zalunci Clowney ba. Ciwon gwiwa ya ɓata masa shekarar farko, kuma ya zama gwanin toshe masu gudu da ƙwallo, har sau uku aka zaɓe shi zuwa Pro Bowl, wasan taurarin gasar. Sai dai bai zama abin da ake jira daga na ɗaya ba. Donald kuwa ya zama gwarzon mai tsaro na gasar a 2017 da 2018 da 2020, ya ci kofin Super Bowl a Fabrairun 2022, ya yi ritaya a Maris na 2024 bayan ya kayar da masu jefawa sau 111.

A ganina, idan yaro ya shafe shekaru yana karya katangar manyan jami'o'i, sannan gwaji ya tabbatar da ƙarfinsa da saurinsa, rashin santimita goma bai isa hujjar tsallake shi ba. Ƙungiyoyin da suka yi haka a 2014 sun yi kuskure, kuma hujjar tana gabansu tun kafin ranar zaɓen.