Taure a Gaban Amalanke

Benjamin Harrison, wanda ya shugabanci Amurka daga 1889 zuwa 1893, gajeren mutum ne kakkaura mai gemu, kuma 'yan siyasar zamaninsa suna yi masa tsegumin rashin fara'a. A gida kuwa jikokinsa sun gama raina wannan ɗaurewar fuska. Tare da shi suke zaune a Fadar White House, suna da wani ɗan akuya mai suna Old Whiskers da ke jan su cikin ƙaramin keke a farfajiyar fadar. Ana ba da labari cewa wata rana shugaban yana tsaye yana jiran keken dokinsa, sai dabbar ta hangi ƙofa a buɗe. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta fizgi keken da yara a ciki, ta miƙe kan titin Pennsylvania. Mutanen Washinton suka wayi gari da kallon shugaban ƙasarsu, hannu ɗaya dafe da doguwar hula, ɗayan riƙe da sanda, yana bin akuya da gudu.

Duk wanda ya ji labarin nan sai ya yi dariya, daga nan ya yanke hukunci cewa akuya ba abar ɗaura wa keke ba ce. Wannan gaggawa ce. Abin da labarin ya nuna shi ne dabbar ta ja keke da yara a ciki har ta sa babban mutum haki. Ƙarfi dai akwai shi. Abin da ya rage a ranar shi ne horo, da kuma wanda zai riƙe igiya.

Ba Harrison ne farau ba ma a gidan. Tad, ɗan Abraham Lincoln, yana da awaki biyu, Nanny da Nanko, kuma an ce ya taɓa ɗaure su da kujera ya keta babban ɗakin baƙi na fadar, mata suna tattare riguna. A watan Agusta na 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Lincoln ya samu lokacin rubuta wa matarsa cewa Nanny ta ɓata, bayan an same ta kwance a tsakiyar gadon Tad tana tuƙa.

Tarihin abin yana da tsawo, amma ba sai an daɗe a kansa ba. An mayar da akuya dabbar gida kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yankin tsaunukan Zagros na Iran. A tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, waɗanda Snorri Sturluson na ƙasar Aisilan ya rubuta a ƙarni na 13, gwarzonsu Thor bunsuraye biyu ne ke jan kekensa, in yunwa ta kama shi ya yanka su ya ci, da safe ya tashe su. Lokacin da keken akuya ya yi tashe sosai shi ne ƙarni na 19. A 1839 aka hana ɗaura wa karnuka amalanke a Landan, a 1854 dokar ta game ƙasar, akuya kuwa dokar ba ta ambace ta ba. A garuruwan bakin teku irin su Brighton yara matalauta suka riƙa jan awaki suna ɗaukar 'ya'yan masu hali a kan kuɗi. Haka aka riƙa yi a Champs-Élysées na birnin Faris da Central Park na New York. Kamfanin Studebaker, wanda daga baya ya shahara da motoci, ya ƙera ƙananan kekuna irin wannan na yara. A farkon ƙarni na 20 masu hoto na Amurka sukan bi unguwa-unguwa da akuya da keke, a ɗora yaro, a ɗauka, uwa ta biya, shi ya sa hotunan suka cika tsofaffin akwatunan iyalai har yau.

To, ga maganar da ta fi ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya: wai akuya daƙiƙiya ce, mai taurin kai, ba ta jin magana sai ta sanda. Mu ma muna da karin maganar akuya da yankakken kunne, kamar dai ba ta ɗaukar darasi sai ta ga jini. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɓoye buhun dusa a gidan da ake kiwon awaki ya san ba haka abin yake ba. A 2014 Elodie Briefer da Alan McElligott, masu bincike a Jami'ar Queen Mary ta Landan, sun ajiye wa awaki 12 wani akwati da ba ya sakin abinci sai an jawo wani ƙarfe da baki sannan an ɗaga shi da hanci. Tara daga cikinsu suka koya. Aka bar su wata goma ba su ga akwatin ba, da aka dawo da shi suka buɗe cikin ƙasa da minti biyu. Dabbar da za ta riƙe dabara mai hawa biyu na tsawon wata goma, riƙe kalmar tafi da kalmar tsaya ba zai gagare ta ba.

Abin da ake kira taurin kai wani abu ne daban. Doki idan ya ji tsoro yakan yi gaba, don haka bulala takan motsa shi. Akuya idan aka matsa mata, ko kaya ya fi ƙarfinta, ko ta rasa gane abin da ake nufi, sai ta turje, in an ƙara matsawa ta durƙusa ta kwanta tsakanin sandunan keken. Daga nan duk dukan da aka yi mata abu ɗaya yake koya mata, wato ta guji keken da mai keken. Kuma ga ta da riƙo. Masu horo na gaskiya da ciki da sabo suke kama ta: ɗan hatsi ko gyaɗa a aljihu, susa a wuya, murya iri ɗaya kullum. Akuya dabbar garke ce, ba ta son kaɗaici, kuma wadda aka raina da hannu tun tana ƙarama takan ɗauki mutum tamkar ɗan garkensu, ta bi shi ko ba igiya. Wannan bin da take yi shi ne jarin mai horo gaba ɗaya.

Sai zaɓen dabba, inda yawancin masu sha'awa suke faɗuwa tun ba a fara ba. Bunsuru yana da ƙarfi, amma ga wari, ga faɗa, kuma da ya shaƙi ƙanshin mace hankalinsa ya bar hanya. Mace tana iya ja, sai dai ciki da shayarwa suna cinye mata rabin shekara, ga hantsa da igiyoyi za su goga. Taure shi ne ɗan aikin. Dandaƙa takan sa ya yi sanyin hali, ya daina wari, ya kuma ci gaba da girma har ya kai shekara uku zuwa huɗu. Abin takaici, a gonakin madara na Turai da Amurka ɗan akuya namiji kusan kaya ne marar amfani, don haka waɗannan ƙarfafan dabbobi da arha ake samunsu. Ana son masu dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙirji: Saanen da Toggenburg na ƙasar Suwizalan, da Alpine, da Nubian mai dogayen kunnuwa, ko Boer na Afirka ta Kudu in ana son kauri. Tauren Saanen da ya ci ya ƙoshi yana iya kai kilo 90. Aibinsa ɗaya, kuma babba ne: taure yana saurin kamuwa da tsakuwar mafitsara idan aka cika shi da hatsi, musamman wanda aka dandaƙe da wuri, kuma tana iya kashe shi. Ciyawa da ganye da wadataccen ruwa su ne abincinsa, hatsin aljihu tukwici ne kawai.

Ƙa'idar da masu abin suke bi ita ce taure ya ja abin da bai wuce nauyinsa sau ɗaya da rabi ba, wasu su ce sau biyu, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma da nauyin keken a cikin lissafi. Taure mai kilo 90 ke nan zai ja kilo 135, wato keke da babban mutum ɗaya ko yara biyu. Wannan lissafi kaɗai ya isa amsa ga mai tambayar me ya sa ba a ganin abin a Sakkwato ko Maraɗi, inda awaki suka fi ƙarfin ƙirga. Jar akuyarmu kilo 25 zuwa 30 ce. In aka cire nauyin amalanke, abin da zai saura da kyar ya kai jarka ɗaya ta ruwa, alhali ga jaki a turke.

Shi horon kansa ba wani sirri a cikinsa, maimaici ne. Tun yana ɗan watanni ake sa masa ragama, a koya masa bin igiya da tsayawa cik. Sannan a ɗora masa kayan ɗauri ya yi yawo da su ba keke. Mataki mai wuya shi ne na komawar mai horo baya, domin dabbar da ta saba bin mutum yanzu ana so ta wuce gaba, umarni yana zuwa mata daga inda ba ta ganin fuska. Kullum sai ta juyo. A nan ake buƙatar mutum biyu, ɗaya a gaba yana ja, ɗaya a baya da igiyoyi yana ba da umarni, har na gaban ya zama ba shi da aiki. Daga nan a ɗaura masa ɗan gungume ko tsohuwar taya ya saba da ƙarar abu na binsa, a jawo keke kusa da shi ya sansana, a sa shi tsakanin sanduna ba a ɗaure ba. Minti goma zuwa goma sha biyar a rana ya isa. Kaya mai nauyi sai ya kusa shekara biyu.

Kayan ɗaurin sun cancanci a tsaya a kansu, don a nan ake yin ta'asar da ba a gani. A wasu tsofaffin hotuna za a ga akuya da igiya a wuya tana ja. Wannan shaƙewa ce. Masu ɗaure igiya a ƙaho kuwa ba a ma san abin da za a ce musu ba: ƙahon akuya yana da ƙashi da jini a ciki, yana jin zafi, yana karyewa. Da ƙirji take ja. Ana sa mata faffaɗan ɗamara mai laushi da za ta zauna ƙasa da maƙogwaro, sama da gaɓar kafaɗa, wuri ne da bai fi faɗin tafin hannu ba. In ta hau sama numfashi ya toshe, in ta sauka ƙafafun gaba su kasa miƙewa. Akwai ɗan sirdi da majayi masu riƙe sandunan keke. Akwai kuma ɗamarar da ke zagaye cinyoyi ta baya, wadda masu ganin ƙyashi suke cirewa wai ado ce. Ita ce birki. Ba ita, da an zo gangara keke zai bugi dabbar a ƙafa, kuma taure ɗaya da keke ya taɓa buga sai an yi da gaske kafin ya sake yarda. Keke mai ƙafa biyu dole a daidaita shi yadda nauyi zai zauna a kan tayoyi, domin gadon bayan akuya ba na ɗaukar nauyi ba ne sosai. Linzamin ƙarfe ba dole ba ne, ragama ta wadatar. Bakin akuya ƙarami ne, ba ta ma da haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri.

Wani abin da ke ba sabon direba mamaki shi ne idonta. Ƙwayar a kwance take kamar layi, abin da ke ba ta damar ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya kai ba. Tana kallon gaba, tana kuma ganin motsin hannun wanda ke zaune a bayanta.

A ƙasashen sanyi ana cire tayoyi a sa dogayen katakai biyu masu santsi da ke zamewa a kan dusar ƙanƙara. Horon iri ɗaya ne. Bambancin shi ne ƙasa: a kan ƙanƙarar da ta daddale kaya yana tafiya cikin sauƙi, a sabuwa mai zurfi kuwa siraran kofatan akuya nutsewa suke yi, kuma tun asali akuya ta tsani jiƙewa. Duk da haka an gwada ta a wuri mafi tsanani. Bayan an samu zinariya a Klondike, arewa maso yammacin Kanada, a 1896, kimanin mutum 100,000 suka ɗunguma, hukumomin Kanada kuma suka ce kowa sai ya zo da guzurin shekara guda, abin da ya kai wajen tan ɗaya. Dawaki kimanin 3,000 suka mutu a hanyar White Pass da ta tashi daga Skagway ta Alaska. Mutane suka ɗaura wa duk abin da ke da ƙafa huɗu kaya, kuma hotunan 1898 sun nuna jerin awaki, wasu masu dogon gashi irin na Angora, suna jan kaya a kan ƙanƙara. Hikimar a fili take. Suna kiwon kansu da ganye da ɓawon itace a hanya, in an isa kuma, ko in abinci ya yanke, sun zama nama.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a bayan akuya shi ne Ches McCartney, manomi daga jihar Iowa. Tun daga shekarun 1930 har zuwa ƙarshen shekarun 1960 yana yawo a titunan Amurka, musamman na kudu, da wata amalanke mai ƙafafun ƙarfe cike da tarkace. Wasu awakin suna ja a gaba, wasu suna biye a baya, jarirai da marasa lafiya suna cikin amalanken. Yana shan nononsu, yana wa'azi, yana sayar da hotunansa ga masu tsayawa kallo, har motoci su yi cunkoso. Ya yi iƙirarin ya yi tafiyar mil 100,000. Ya rasu a 1998 a wani gidan kula da tsofaffi a Macon ta jihar Jojiya, shekaru da dama bayan ya bar hanya.