Yawan Amsoshin Rukunin Jimlolin Daidaito: Misali daga Hatimi

A ilmin aljabara, wanda ya samo sunansa daga littafin da Alkawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820, akwai tambayar da ke gaba da neman amsa, wato ko akwai amsar ma, in kuma akwai, guda nawa ce. Abin da za a kira jimlar daidaito a wannan maƙala shi ne furucin da ke cewa abu kaza daidai yake da adadi kaza, alhali a cikinsa akwai ɓoyayyen adadi. Ana ce da ita miƙaƙƙiya idan ba a ninka wani ɓoyayyen adadi da kansa ko da ɗan'uwansa ba. Kalmar jimla ta dace a nan, domin kamar jimlar nahawu ce, tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya.

A ɗauki misalin ciniki na zamanin sule. An ce kaji 2 da zabo 1 sule 7 ne, kaza 1 da zabo 1 kuma sule 5. In aka ɗebe ta biyu daga ta farko, kaza ta tsaya a sule 2, zabo a sule 3, babu wata amsa bayan wannan. To amma da jimla ta biyu cewa ta yi kaji 4 da zabi 2 sule 14 ne, da ba ta ƙara kome ba, ta farko ce aka ninka sau biyu. Ɗebewa za ta bar 0 = 0, kuma kowane farashi aka sa wa kaza, akwai na zabon da zai dace da shi. Da kuwa sule 15 ta ce, da an yi tufka da warwara, abin da zai saura shi ne 0 = 1, amsa kuwa babu ita. Wannan hanya ta ɗebe jimla daga jimla ana jingina ta ga Gauss (1777–1855), ko da yake masana lissafi na ƙasar Sin sun rubuta ta kimanin shekara 2,000 da suka wuce.

Hali uku ke nan, ba na huɗu. Rukuni irin wannan ba ya taɓa samun amsa biyu cif, domin idan amsoshi biyu suka gamsar da shi, to, wadda ke tsakiyarsu ma ta gamsar, haka wadda ke tsakanin ta tsakiyar da ta farko, har abin da ba iyaka.

Kuskuren da ya fi yawa ga ɗalibai, har da wasu masu koyarwa, shi ne ƙidaya jimloli kawai, a ce in sun kai yawan ɓoyayyun adadai amsa ɗaya ce. Abin ƙidayawa shi ne jimlolin da ke cin gashin kansu, waɗanda ba a iya fitar da su daga sauran. Idan babu saɓani, kuma yawansu ya kai na ɓoyayyun adadai, amsa ɗaya ce. Idan ya gaza, amsoshi ba su da iyaka.

Hatimin da malaman zaure suka sani ya fi misalin kaji bayyana wannan. Tsara shi fanni ne da malaman ƙasar Hausa suka yi zurfi a ciki: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara. A duba mafi ƙanƙanta, mai gida 9. Sharaɗinsa shi ne layuka uku na kwance, da uku na tsaye, da biyu na karkace, kowanne ya ba da 15. Jimloli 8 ke nan, ɓoyayyun adadai 9. Amma ɗaya daga cikin jimlolin maimaici ce: layukan kwance sun riga sun nuna cewa gidaje duka 45 ne, saboda haka in biyu na tsaye suka ɗauki 30, na ukun ba shi da zaɓi sai 15. Masu cin gashin kansu 7 ne, wato gidaje biyu sun saura a hannun mai rubutu. Duk abin da ya zuba a kusurwoyi biyu na sama, sauran gidaje za su biyo dole. Ko 5 ya zuba a kowane gida, hatimin ya cika sharaɗi.

Duk da wannan yalwa, gidan tsakiya bai da sakewa. Layuka huɗu ne ke ratsa shi, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, shi kuwa sau huɗu, don haka rarar 15 da ke kan 45 ninkinsa uku ce, shi kansa 5 ke nan. Ashe rashin iyakar amsoshi bai hana wani ɓoyayyen adadi tsayawa wuri ɗaya ba, batun da littattafan makaranta kan wuce shi da sauri fiye da kima.

Malamai sukan ƙara sharaɗin cewa a yi amfani da 1 zuwa 9, kowanne sau ɗaya. Sai amsoshin su koma 8 kacal, kamar 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Wannan bai karya ƙa'idar hali uku ba, domin sabon sharaɗin ba miƙaƙƙiyar jimla ba ne. Kuma takwas ɗin nan hatimi guda ne ake jujjuyawa ko a kife shi. A kowanne 2, 4, 6 da 8 ne ke kusurwoyi, waɗanda a lissafin abajada su ne haruffan da suka ba shi sunan buduhu.